Kaset a Akwatin Gwaggo

Auckland, Agusta 1994

Zuwa ga yayana Sitaleki,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan takardar nan ta iske ku lafiya, kai da Mama da Gwaggo Lesieli da duk mutanen tsibirinmu, har da aladun da ke kwana a ƙofar coci. Ni lafiya lau nake, in ban da sanyin garin nan da ya rantse sai ya ga bayana. Yaya jikin Mama? Hannun ya fara motsi kuwa?

Bayan gaisuwa, Leki, ka buɗe ƙunshin a hankali, kada ka sa masa addar fasa kwakwa yadda ka saba. Kaset ne. Nawa ne, ni kaɗai, da sunana da hotona a jiki. Kada ka yi dariyar hoton, su suka ce in kalli sama kamar mai jiran ruwa. Wani Bature ɗan cocinmu mai suna Garth shi ke da ɗakin ɗaukar murya. Shi ya rubuta waƙoƙin da Turanci, ni kuma na zauna na mayar da su harshenmu saboda Mama. Akwai ganga da jita mai lantarki, irin taken da yaran yanzu ke so. Waƙa ta biyu ita ce ta cikin raina, sunanta "Ƙishinka Nake Ji, Masoyina". Duk wanda ya ji ta a nan sai ya share ido. A watan Oktoba za a yi bikin ƙaddamarwa.

Na san ba haka muka faro ba. Mu huɗu ne: kai da jitarka da muryar nan taka ta ƙasa, ni, sai Penisimani da Salesi na gidan Baffa. Tun da ciwo ya kayar da Mama ka koma gida jinya, ƙungiyar ta kasa tsayuwa. Garth ya ce murya ɗaya yake so. Na yi addu'a, na yi kuka, na karɓa. In ranka ya sosu ka yafe mini.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. A wasiƙarka ta baya ka ce kullum da safe Mama sai ta tambaye ka ko ni, Naitenta, na daina waƙa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ita ta koya mini buɗe baki, tana kirɓa ɓawon itacen da ake yin mayafi da shi tana ba ni take da sandar. Ka san ba ni da halin zuwa, fasfona yana ofishin shige da fice, in na fita kafin su gama, ƙofa ta rufe ke nan. Ita kuma ba ta ɗaukuwa zuwa garin Pangai inda wayar tarho take. Wannan kaset shi ne ƙafata. Na saka batir a cikin ƙunshin. Ka ɗora mata rikoda a kunnen dama, wanda ke ji, ka gaya mini abin da ta ce.

Ƙanwarka,
Melenaite

Ha'apai, Satumba 1994

Zuwa ga Melenaite,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto. Muna lafiya. Mama tana cin abinci kaɗan kaɗan, hannun hagu bai motsa ba. Idon ya ƙara dushewa. Wani lokaci tana kirana da sunan Baba, in amsa. Doya ta yi kyau bana, kifi ne dai ya yi nisa.

Ƙunshinki ya iso. Na gode da batir. Hoton ya yi kyau, ban yi dariya ba, ɗan'uwanmu Manase ne ya yi.

Ga abin da ya faru. Na kai wa Gwaggo kaset ɗin tukuna, tunda ba a fara komai a gidanmu sai ya bi ta hannun yayar Baba. Ta yi murna. Ta ce ranar Lahadi bayan sujada kowa ya ji, daga nan a kai wa Mama. Aka buɗe ramin gasa abinci, doya da gwaza da ɗan alade, aka baza tabarmi a ƙarƙashin mangwaronta. Gari duka ya zo. Na kunna. Ta farko mutane suna kaɗa kai, matan zumunta har suna cewa "ai tamu ce, ai tamu ce." Da aka shiga ta biyu, Manase ya ajiye doyarsa ya tashi. Sai 'ya'yan Kawu suka bi shi. Sai na gidan Baffa. Ni ma na tashi. Gwaggo ta danna rikodar da kanta, ta cire kaset ɗin, ta tura shi cikin tabarmar adon da ta ɗaura a ƙugu. Yanzu yana akwatinta.

Mama ba ta ji ba.

Ba ni da bakin gaya miki dalili. Ban ji kaset ɗin har ƙarshe ba, kuma ba zan iya ji ba. Ki yi haƙuri. Allah ya sa bikin ya yi albarka.

Yayanki,
Sitaleki

Auckland, Oktoba 1994

Sitaleki,

Gaisuwa dai ba a hana ta, don haka ina gaishe ka. Ka gaida Mama. Lafiyata ƙalau in ka damu ka sani.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin gidan waya, na sake karanta ta a cikin bas har na wuce tashata. "Ba zan iya ji ba." To, madalla. Ashe da biyu ka yi shiru a kan maganar ƙungiya. Da ka fito fili ka ce, Naite, kin ci amanata, kin ɗauki abin da muka gina mu huɗu kin manna hotonki a kai, da na fi jin daɗi. Amma ka haɗa kai da Manase da sauran, ku tashi ɗaya bayan ɗaya a gaban matan zumunta, a bar muryata tana yi wa aladu waƙa? Wane ne ya tsara muku, kai ko shi? Manase da ko "Amin" ba ya iya ja daidai!

Kuma na ga saƙon ya tsallako teku. An yi bikin ranar Asabar a zauren cocinmu na Mangere. Zaure ya cika, har mutanen Samoa da na Fiji sun zo. Na sa farar riga, na ɗaura tabarmar da Mama ta saƙa mini a ƙugu. Garth sai zirga-zirga yake yana gumi. Yara sun yi rawa, wata tsohuwa ta hau dandamali ta rungume ni tana kuka. Ina waƙa ina leƙen ƙofa. Penisimani da Salesi sun zo, su suka jera kujeru, su suka ɗauko lasifika. Ina fara ta biyu suka fice. Har aka tashi suna wajen ajiye motoci cikin yayyafi. Na fita na same su, na ce, "Kujerun da kuka jera cizo suke yi?" Peni ya kalli takalminsa ya ce, "Iska muke sha." Iska, a cikin ruwan sama!

Aka yi ta tafi, aka yi ta ɗaukar hoto, na koma ɗaki na zauna da furanni a wuya kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Ku yi fushinku da ni, na ji. Amma me Mama ta yi muku? Tsohuwa a kwance, ido babu, tana tambayar 'yarta kullum, abin da zai ba ta amsa yana kulle cikin akwati tare da mayafan biki. Kai ne a gefenta, kai ka san yadda take raguwa. In ta tafi ba ta ji ba, Leki, ban san da wane ido zan kalle ka ba. Ka je ka roƙi Gwaggo. Kai take ji.

Melenaite

Ha'apai, Nuwamba 1994

Melenaite 'yar ƙanena,

Alherin Ubangiji ya tabbata gare ki. Ina nan da rai, gwiwa ce dai ta ƙi ni. Uwarki tana nan yadda take, sai abin da ya ƙaru na mantuwa. Jiya ta tambaye ni wace ce ni, ni da na yi mata rakiya ranar aurenta.

Ni Lesieli ce ke rubutu, don na ga abin ya fi ƙarfin yayanki. Na same shi a gindin kwale-kwale da takardarki a hannu, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Na ce karanta mini. Ya ce ba komai. Na fizge na karanta da kaina. Kin iya faɗa, wannan kam a wurina kika gado.

To buɗe kunnenki. Babu wanda ya tsara komai. Kunya ce ta tashe su. Ke 'yar ina ce? Shekarun da kika yi a ƙasar Turawa har sun kai ki manta cewa namiji ba ya zama inda 'yar'uwarsa ke maganar so? Tun kina goye aka raba muku ɗakin kwana. Ko fim aka kawo makaranta, in saurayi ya kama hannun budurwa, ba kya ganin 'yan'uwa maza suna sulalewa? Sai ga muryarki a lasifika, a gaban duk namijin da kuka haɗa kaka, kina cewa a rungume ki, a kwantar da kanki a ƙirji, ba kya iya barci don ƙishi. Da irin taken da samari ke kaɗawa a wurin shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, in suna zawarcin mai dama musu! Har da wani numfashi da kike ja kafin ki fara. Wa ya koya miki wannan numfashin?

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ai da Yesu kike. Na sani, shi ma ya sani. Kunnen ɗan'uwanki fa, shi ma an yi masa baftisma daban ne? Baturenki ya rubuta abinsa da harshen da ba shi da kunya, ke kuma kika kwaso shi ɗanye kika zuba a namu. A tsibirin nan in kin cire Fasto da malamin makaranta, duk wani namiji sa'anki ɗan'uwanki ne. A ina zan kunna shi? Bangon gidan uwarki ganyen kwakwa ne, in aka yi tari a ciki ana ji a bakin teku.

Sitaleki bai yi fushin ƙungiya ba. Hoton jikin kaset ɗin ma roƙona ya yi na cire masa, yana nan soke a jikin ginshiƙin ɗakinsa. Abin da ya hana shi gaya miki dalili shi ne abin da ya tashe shi daga tabarma. Kin zage shi a kan ladabin da ya yi miki.

Ba na jin daɗin riƙe abin nan. Kullum in na buɗe akwati sai mu haɗa ido da shi. Amma ni aka bar wa mutuncin gidan nan, kuma ban ga hanya ba tukuna.

Gwaggonki,
Lesieli

Auckland, Disamba 1994

Yayana Sitaleki,

Ina gaishe ka da gaisuwar girma, ina kuma yi muku barka da Kirsimeti in takardar ta iso kafin ta wuce. Yaya Mama? Yaya gwiwar Gwaggo? Ni dai ga ni nan.

Gwaggo ta rubuto mini. Na gane. Ba zan ce komai a kan abin da ta ce ba, kai ma ka san ba zan iya ba. Da na gama karantawa sai na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ka ɗauki wasiƙata ta Oktoba ka sa a murhu. Na je gidan su Peni da tiren abinci, na ajiye, na zauna a bakin ƙofa. Babu wanda ya ɗago da maganar. Salesi ya ce, "Naman ya yi gishiri." Na ce, "Ci hakanan." Shi ke nan, mun shirya.

Na sami Garth na ce a sake waƙoƙin. Ya yi ta kallona. Na yi masa bayani iyakar iyawata, ya ce, "Amma Naite, ai yabon Allah ne, wa zai ji kunyar yabon Allah?" Mutumin kirki ne, amma kamar ina yi wa bango magana. Ya ce an riga an buga, suna shaguna, gidan rediyon Kirista yana sa ta biyun kusan kullum. Aikin gama ya gama. Abin dariya, Leki, waƙar tana tafiya. Ana gayyatata coci-coci har Wellington. Ina hawa dandamali in fara duba fuskoki, ina lissafin wa na haɗa jini da shi. Abin da na roƙi Allah shekara da shekaru ya ba ni, ga shi a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Na ce to bari in yi wa Mama wani daban. Na sayi kaset marar komai, na rufe ƙofar kicin, na buɗe littafin waƙoƙin coci, na ɗauko waɗanda take so. Na fara lafiya. Ina isa inda muryar ƙasa ke shigowa sai na tsaya ina jiranka. Na sake, na sake tsayawa a wurin. Waƙoƙinmu ba a yi su don baki ɗaya ba, in ka cire sauran sai ramuka. Na kira su Peni, amma Salesi aikin dare yake a mayanka, Peni kuma ya tafi aikin gonar tuffa kudu sai bayan sabuwar shekara. Abin da na ɗauka ni kaɗai na saurara, rabi waƙa rabi shessheƙa. Ba zan aika wa marar lafiya wannan ba.

Fasfo shiru. Na je ofishin, wata yarinya mai cingam ta ce in ci gaba da jira.

Ban san me zan roƙe ka ba. Ba zan ce ka kunna ba, ba zan ce kada ka kunna ba. Ka dai gaya mata ban daina ba.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Naite

Ha'apai, Fabrairu 1995

Zuwa ga Melenaite,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto. Ki yi haƙuri da shirun. Guguwa ta hana jirgin ruwa zuwa, takardarki ta Kirsimeti sai makon jiya ta iso, a jiƙe. Rufin kicin ya tafi, mun mayar. Ayaba duk ta kwanta. Babu wanda ya ji rauni. Babu komai tsakanina da ke sai alheri, wannan maganar ta wuce.

Mama ta ragu ƙwarai. Ruwan kwakwa kawai take karɓa da ɗan kunun gwaza. Ba ta gane kowa sai ni.

Gwaggo ta zo ta duba ta bayan guguwar, ta daɗe a tsaye a kanta. Washegari da safe sai ga mai shela yana zagaya gari, wai Lesieli ta ce duk namijin da ya haɗa jini da gidanmu ya ɗauki adda ya tafi ƙarshen tsibiri gyaran gonar coci, kada a ga ƙeyar kowa sai rana ta karkata. Ba ta faɗi dalili ba, babu kuma wanda ya tambaya. Kowa ya sani. Tsoho Fotu ya dogaro sandarsa ya ce, "Ni ma? Ni da ko tsawa ba na ji?" Gwaggo ta ce, "Kakarka da kakata nono ɗaya suka sha. Wuce!" Ya wuce yana gunaguni. Gari ya zama sai mata da kaji.

Ta shigo da kaset ɗin a naɗe cikin ƙyalle. Na sa sabon batir, na nuna mata inda ake dannawa, na ɗauki addata zan bi sahu. Sai Mama ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Na zare, ta fasa ihu. Gwaggo ta matso ta kira sunan Mama ta ce, "Kalisi, sake shi, ga ni nan." Mama ta ƙara ƙanƙame ni tana cewa wace ce wannan, a fitar da ita. Muka gwada da matar Manase, haka. Muka jira ta yi barci, ina motsawa ta farka.

Gwaggo ta dube ni, na dubi ƙasa. Can ta ce, "Ni dai ban ga kowa a ɗakin nan ba." Ta fita ta zauna a bakin ƙofa ta ba mu baya.

Na juya fuskata ga bango. Hannu ɗaya a wurin Mama, ɗaya riƙe da rikoda a kunnenta. Na danna. Na ji shi duka, Naite, daga farko har ƙarshe. Ba zan ƙara cewa komai a kan wannan ba, ke ma kada ki tambaya. Abin da zan iya faɗa a matsayin wanda ya taɓa riƙe miki jita shi ne muryarki ta kai inda ba mu taɓa kai ta ba.

Mama ta yi lamo tana ji. Yatsunta suna buga take a hannuna, daidai, ba kuskure. Da ya ƙare na juyo, sai na ga hawaye yana bin gefen kunnenta. Na yi murna. Na ce a raina an gama.

Ta ce, "Wace ce wannan yarinya?"

Na ce, "Naite ce, Mama. Naitenki."

Ta ce, "Kai, rufa mini baki. Naite ba ta waƙa ita kaɗai."

Na ce wallahi ita ce, Allah ya gafarta mini rantsuwa. Na ce daga Auckland ta aiko miki, ba ta daina ba. Ba ta ma saurare ni ba. Ta ce, "Baiwar Allah. Ji yadda take ta kira babu mai amsa mata. Ba ta da 'yan'uwa ne? Wane irin gida ne za su saki yarinya a tsakiyar waƙa haka?" Sai ta jijjiga hannuna ta ce, "Mayar da shi baya. Kai ka shiga mata, ka ɗauki ƙasa. Kada ka bar ta."

Na mayar. Ya faɗa kan ta biyu. Na san inda ƙasa za ta shiga, tun jin farko kunnena ya nuna mini wurin. Mama tana matsa hannuna tana cewa yanzu, yanzu, shiga. Na buɗe baki. Gwaggo tana bakin ƙofa, ina ganin kafaɗunta suna rawa. Babu abin da ya fito.

Da yamma maza suka dawo, babu wanda ya kalle ni, ni ma ban kalli kowa ba. Kaset ya koma akwati.

Tun ranar Mama ba ta sake ambaton sunanki ba. Yarinyar take tambaya. Ɗazu ina ba ta ruwa ta ture kofin ta ce, "An samo 'yan'uwan yarinyar nan kuwa?" Na ce ana nema. Ta ce a yi sauri.

Jirgi zai juya da rana, dole in rufe. Gobe za ta sake tambaya, Naite, kuma ban san me zan ce mata ba.

Yayanki,
Sitaleki